Nawa Za a Saye Ku? Tarihin Ma'aunin da Ake Auna Jami'o'in Amurka da Shi

A farkon watan Satumba na 2023, ina tsaka da haɗa filin wasanni na ƙarshen mako, wani mai sauraronmu ya aiko mini da saƙon murya ta WhatsApp daga Greensboro, cikin jihar Karolina ta Arewa. Garin yana cikin wuraren da 'yan Nijar suka fi taruwa a Amurka, don haka saƙo daga can ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tambayar ce ta zo mini a baƙuwa. Ya ce abokan aikinsa sun kwana biyu suna gardama a kan wata jami'a ta birnin Dallas, wadda ta yarda ta shiga wata gasa ta yi shekara tara ba a ba ta ko dala ɗaya daga kuɗin talabijin, kuma masu ita sai murna suke yi kamar an yi musu haihuwa. Ya ce, "Malam, kai da kake karanta waɗannan abubuwa, wane irin ciniki ne wannan?"

Na ba shi amsa a iska cikin minti biyu, kuma ban gamsu da ita ba tun kafin in kashe makirfo. Wannan rubutun shi ne bashin da ya biyo ni.

Sai mai karatu ya fara ajiye abin da ya sani game da wasan makaranta a gefe. A Amurka ƙungiyar jami'a tana iya cika filin da ya fi na kowace ƙungiyar Firimiya girma. Filin Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum sama da 107,000, wato ninki uku na filin Janar Seyni Kountché na Yamai. Wasan da ke tara wannan jama'a shi ne zari-ruga irin ta Amurka, wadda su suke kira ƙwallon ƙafa duk da hannu ya fi aiki a cikinta. Jami'o'in sun kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni da sunansa da shugabansa da asusunsa. Su suna ce wa rukunin konfarans, ni zan kira shi gamayya. Abin da ya raba tsarin da wanda muka saba gani a tamaular Turai shi ne babu faɗuwa, babu hawa. Ko an lallasa ƙungiya a duk wasanninta na shekara, tana nan a gamayyarta baɗi. Ko ta cinye kowa, ba za ta hau babbar gamayya ba sai an gayyace ta, shugabannin jami'o'i sun zauna a ɗaki sun kaɗa ƙuri'a. To a ɗakin nan ne ake tambayar da ba a yi a fili: in muka shigo da waɗannan, me za su ƙara mana?

Lissafin tushe bai wuce na ciyayya ba. Gidaje goma sha huɗu suna fito da akushi kowane dare, ana ci tare. In sabon maƙwabci ya zo da akushin da bai kai na kowa ba, kuma ya zo da bakinsa, kowa zai tashi da saura a cikinsa. A ce gamayya mai jami'a 14 tana raba dala miliyan 700 a shekara, kowace ta ɗauki miliyan 50. Ta goma sha biyar sai ta sa gidajen talabijin su ƙara aƙalla miliyan 50 kafin a ce ba a yi asara ba. Wannan misali ne nawa, amma a kansa aka gina duk abin da zai biyo baya. Abin da ya riƙa canzawa cikin shekara ɗari shi ne yadda ake ƙiyasta girman akushin baƙon kafin ya buɗe shi.

Da farko ma'aunin hanya ce da ƙofar fili. An kafa gamayyar da ta zama Big Ten a 1896 a Shikago, ta Kudu maso Yamma a 1914, ta gaɓar tekun Fasifik a 1915, sannan ACC a 1953, a nan gefen Greensboro ɗin da mai tambayata yake zaune. Dukansu maƙwabta ne da jirgin ƙasa ko mota ke iya haɗa su. Darajar abokin gasa ita ce yawan mutanen da zuwansa zai sa su yanki tikiti. Har akwai masu fita da ƙafarsu saboda sun ga abin ya fi ƙarfin karatu: Jami'ar Shikago, wadda aka kafa Big Ten da ita, ta daina zari-ruga a 1939 ta bar gamayyar a 1946.

Da talabijin ta shigo, hukumar wasannin jami'o'i ta ƙasa, NCAA, ta ji tsoron mutane za su zauna gida su bar filaye wayam. Tun farkon shekarun 1950 ta riƙe haƙƙin nuna wasannin a hannunta, ita ke sayarwa, ita ke ƙayyade sau nawa za a nuna kowace jami'a. Aka yi shekara talatin a haka. Manyan jami'o'i suna ganin su ake kunna akwati domin a kalla, amma an ɗaure su da igiya ɗaya da ƙanana. A 1981 Jami'ar Oklahoma da ta Jojiya suka kai ƙara, kuma ranar 27 ga Yuni 1984 Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya da alƙalai bakwai a kan biyu, ta ce tsarin ya saɓa wa dokar hana kankane kasuwa. Wanda ya rubuta ra'ayin 'yan adawa shi ne Byron White, kuma shi ne a cikin alƙalan ya san filin da jikinsa, domin tauraron zari-ruga ne a Jami'ar Colorado a samartakarsa. Damuwarsa ita ce an ɗauki wasan makaranta kamar wata sana'a ta neman riba kawai. Duk lokacin da na koma kan shari'ar nan sai in ga tsohon bai yi kuskuren hange ba, ko da ya sha kaye a ƙuri'a.

Abin dariya, nasarar ba ta zo da arziki nan take ba. Wasanni suka cika akwatuna, farashin kowane wasa ya faɗi. Sai a 1990 aka ga abin da hukuncin ya haifa. A watan Fabrairu Notre Dame, jami'ar 'yan Katolika da ke da magoya baya a kowace kusurwar ƙasar, ta janye daga cinikin haɗin gwiwa ta sayar wa gidan NBC wasanninta na gida ita kaɗai, shekara biyar a kan kusan dala miliyan 38. Ranar ce aka fara manna wa jami'a guda takardar farashi a goshi. A shekarar Big Ten ta karɓi Penn State, SEC kuma ta jawo Arkansas da Karolina ta Kudu. Shugaban SEC na lokacin, Roy Kramer, ya tono wata doka da aka rubuta domin ƙananan makarantu, wadda ta ce gamayya mai jami'a 12 tana iya rabuwa gida biyu ta yi wasan ƙarshe. Ashe darajar waɗannan biyun har da cika lamba. Aka buga wasan ƙarshe na farko a 1992, ya zama haja ta daban da ake sayarwa.

Fitar Arkansas ita ta karya gamayyar Kudu maso Yamma. Jami'o'i takwas da suka rage duk a jihar Texas suke, kuma a idon mai sayen talla jiha ɗaya kasuwa ɗaya ce, ko jami'a nawa ke cikinta. In Texas da Texas A&M sun riga sun kawo maka masu kallon jihar, me sauran shida suke ƙarawa? A 1994 aka sanar da sabuwar gamayya, Big 12, ta ɗauki huɗu ta bar huɗu: Houston, Rice, TCU da SMU. Wannan ta ƙarshen ita ce jami'ar Dallas da aka tambaye ni a kanta, kuma ta shiga wannan rabon da tabo a jiki, domin a 1987 NCAA ta dakatar da ƙungiyarta ɗungurungum saboda biyan 'yan wasa ta bayan fage. Houston kuwa ita ce makarantar da Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, ya kai ta zagayen kusa da na ƙarshe na ƙwallon kwando sau uku a jere, daga 1982 zuwa 1984. Wannan bai cece ta ba. Ta yi shekara 27 a waje kafin Big 12 ta buɗe mata ƙofa a 2023.

Kada a ɗauka alƙalami da takarda ne kaɗai suka yi rabon. Baylor da Texas Tech sun samu shiga a lokacin da gwamnar jihar, Ann Richards, tsohuwar ɗalibar Baylor ce, mataimakin gwamna Bob Bullock kuma ya yi karatu a makarantun biyu. Shi ne ke riƙe da majalisar dattawan jiha, inda kasafin jami'o'in gwamnati ke bi. Mu da muka tashi a inda ake tambayar wa ka sani kafin a tambayi me ka iya, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Ma'auni na uku shi ya fi ba ni mamaki, kuma a kansa nake so in daɗe. Duk mai dikoda a gida ya san ana biyan kuɗin wata ne a kan tarin tashoshi, har da waɗanda bai taɓa tsayawa a kansu ba. A Amurka kamfanin kebul yana biyan kowace tasha wani abu a kan kowane gida da ke karɓar ta, ko ana kallo ko ba a kallo. Shugaban Big Ten, Jim Delany, ya ga wannan ƙofa, ya haɗa kai da Fox suka buɗe tashar gamayyar a watan Agusta 2007. Farashin da suka nema hawa biyu ne: sama da dala ɗaya kaɗan a wata a kan gidan da ke cikin jihohin gamayyar, senti 10 a kan gidan da ke waje. Daga wannan rana darajar jami'a ta koma yawan gidaje masu kebul a yankinta. Tsohuwar da ke kallon labarai da wasan kwaikwayo, wadda ba ta san siffar ƙwallon ba, ta zama cikin dukiyar jami'ar da ke garinsu.

Da wannan ma'aunin aka auna Rutgers da Maryland a watan Nuwamba 2012. Rutgers tana da tarihi, domin ita da Princeton suka buga wasan zari-ruga na farko tsakanin jami'o'i a 1869, amma tun daga nan ba ta tara abin nunawa sosai ba. Maryland kuwa a shekarar ta rufe ƙungiyoyin wasanni bakwai saboda bashi. Ba wanda ya yi musu kallon zakaru. Abin da suke da shi wurin zama ne: ɗaya a bakin Niyok, ɗaya tsakanin Baltimore da Washinton. Shigo da su ya mayar da miliyoyin gidaje daga layin ƙaramin farashi zuwa na babba. Suka fara wasa a 2014, aka kuma sa su jiran shekaru kafin su karɓi cikakken rabo, har Rutgers ta riƙa cin bashi daga gamayyar a kan rabonta na gaba.

Masu sharhi da yawa suna kiran wannan mataki wauta, wasu suna kiransa hikima. Ni ina ganin ciniki ne mai kyau da aka ƙulla a kan abu mai narkewa. A daidai lokacin ne kebul ya kai ƙololuwa. Tashar ESPN tana shiga gidaje kusan miliyan 100 a 2011, bayan shekara goma sha biyu ta sauko wajen miliyan 70, mutane suna yanke waya suna komawa intanet. Gidajen suna raguwa, amma kujerar Rutgers tana nan, domin gayyatar gamayya ba ta da ranar ƙarewa. An saya da ma'aunin wata shekara, za a ci gaba da biya da kuɗin wasu shekarun.

Ƙwallon kwando fa? Ita ma tana kawo kuɗi, ta wata hanya mai tsari: duk wasan da jami'a ta buga a gasar ƙasa ta watan Maris yana jawo wa gamayyarta kaso da ake biya cikin shekara shida, jimillarsa wajen dala miliyan biyu a 'yan shekarun nan. In aka aza wannan kusa da kuɗin zari-ruga, canji ne. Jami'ar Connecticut ta ci kofin ƙasa na maza sau shida tsakanin 1999 da 2024, na mata ma ya fi haka yawa, amma da ACC ta tashi cike gurbin Maryland a 2012 sai ta ɗauki Louisville, wadda zari-rugarta ta fi ƙarfi a lokacin.

Na san ɗanɗanon wannan awo a ƙaramin matsayi. A wani gidan rediyo da na taɓa yi wa aiki ina da filin adabi na rabin awa bayan sallar isha'i, da masu sauraro da ba su da yawa amma ba sa fashi. Wata rana aka kira ni ofis, cikin mutunci, aka ce mai ɗaukar nauyi yana son lokacin domin sakamakon tamaular Turai. Ba a ce shirin ba shi da kyau ba. An ce lokacin ya fi shirin tsada. Na fita ina jin haushi, sai daga baya na gane cewa ban taɓa mallakar masu sauraron dare ba, aro aka ba ni. Wannan darasin ne ya sa na fahimci abin da ya faɗa wa gamayyar gaɓar Fasifik.

Pac-12 ta shiga shekarun 2010 da ƙafar dama. A 2011 ta ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 3 ta shekara 12 da ESPN da Fox, mafi tsada a lokacin. Sai shugabanta Larry Scott ya buɗe tashoshin gamayyar ba tare da abokin tarayya daga manyan gidajen talabijin ba, don ribar ta zama tasu su kaɗai. Kamfanin DirecTV ya ƙi ɗaukar tashoshin har suka mutu, kuɗin da aka yi wa jami'o'i alkawari bai zo ba. Ga kuma matsalar agogo: wasan da aka fara da ƙarfe bakwai da rabi na yamma a Kalifoniya, goma da rabi ne na dare a Niyok, rabin ƙasa ya kwanta. Wannan lokaci na dare yana da daraja ga tashar da ke neman abin cike shi, amma daraja ce ta gurbi, duk wanda ke yamma zai iya cike shi.

A halin nan ma'auni ya sake juyawa. Yanzu masu saye suna tambayar mutum nawa ne suke zama su kalli wasan da gaske, kuma wane suna ne zai sa mutumin da ba ruwansa da makarantar ya tsaya a tashar. Texas da Oklahoma suka sanar da komawa SEC a Yuli 2021. Ranar 30 ga Yuni 2022 USC da UCLA, jami'o'in Los Angeles biyu, suka ce sun tafi Big Ten, kuma bayan 'yan makonni gamayyar ta sayar da wasanninta ga Fox da CBS da NBC a kan kimanin dala biliyan 7 cikin shekara bakwai. Goma da suka rage a Pac-12 suka shiga kasuwa ba tare da babban birninsu ba. Jaridu sun ruwaito cewa ESPN ta taya dala miliyan 30 ga kowace jami'a a shekara, shugabannin suka nemi 50, mai taye ya tashi. Kafin su farga Big 12 ta riga su, ta sabunta tata yarjejeniyar a Oktoba 2022 a kan abin da ya kai kusan miliyan 32 ga kowace jami'a, ta kwashe kuɗin da guraben da suka rage. Abin da aka kawo wa Pac-12 a ƙarshe tayin kamfanin Apple ne, na nunawa ta intanet, ƙasa da na Big 12, sauran kuma sai in mutane sun yi rajista da yawa.

Colorado ta fice a ƙarshen Yuli 2023. Ranar Juma'a 4 ga Agusta Oregon da Washinton suka tafi Big Ten, Arizona da Arizona State da Utah suka bi Colorado zuwa Big 12. Gamayya mai shekara 108 ta watse tsakanin safiya da dare. A rabon gawar ne aka ga farashin kowa a fili, abin da a da ake ɓoyewa. USC da UCLA sun shiga da cikakken rabo. Oregon da Washinton sun karɓi wajen miliyan 30, kusan rabin na sauran, da ƙarin miliyan ɗaya kowace shekara har yarjejeniyar ta ƙare. Stanford, wadda ta fi kowace jami'a a Amurka yawan kofunan ƙasa, sama da 130, da maƙwabciyarta ta Berkeley, sun samu mafaka a ACC a kan kashi 30 cikin ɗari na rabon talabijin a shekaru bakwai na farko. Kofunan iyo da tanis da guje-guje ba su shiga sikelin ba. Hukumar da ke kula da jami'o'in Kalifoniya ma sai da ta umarci UCLA ta riƙa biyan Berkeley dala miliyan 10 a shekara, diyyar barin 'yar uwa a rana.

Yanzu mun iso kan tambayar mutumin Greensboro. Yarjejeniyar ACC da ESPN ta tanadi cewa in an ƙara jami'a, tashar za ta ƙara kuɗi gwargwadon rabo. SMU ta san a sikelin masu kallo ba ta da nauyin da za a gayyace ta, don haka ta ce a karɓi rabon da shigowarta zai jawo a raba wa tsofaffin 'yan gida, shekara tara. Wato ta zo ciyayya da akushi, ta kuma yi alkawarin ba za ta sa hannu a ciki ba. Ta iya yin haka ne saboda tsofaffin ɗalibanta attajiran Dallas ne, kuma cikin mako guda da sanarwar suka tara dala miliyan 100. An kaɗa ƙuri'a ranar 1 ga Satumba 2023, goma sha biyu suka amince, uku suka ƙi. Abin da SMU ta saya kujera ce a teburin manya, wadda ta rasa tun 1996, da hanyar shiga gasar ƙasa. A kakarta ta farko, 2024, ta kai wasan ƙarshe na gamayyar ta kuma shiga gasar ƙasa ta ƙungiyoyi 12. Murnar da abokan aikinsa suke mamaki ta mutanen da suka yi shekara 27 suna leƙe ta taga ce.

Akwai abin da na lura da shi tun ina tattara wannan tarihi: sikelin a bakin ƙofa aka ajiye shi, na waje ake aunawa. Vanderbilt tana SEC tun kafuwarta, Northwestern tana Big Ten tun 1896, kuma suna ɗaukar rabo daidai da Alabama da Ohio State ko da ba su kusa da su a yawan masu kallo. Da yau suke neman shiga, da wuya a buɗe musu. Korar ɗan gida abu ne da ba a cika yi ba. Misalin da aka fi tunawa shi ne Temple, wadda gamayyar Big East ta kaɗa ƙuri'ar sallamar zari-rugarta a 2001 saboda rashin 'yan kallo da rashin nasara.

Florida State ce ta ɗauko sikelin ta shigo da shi tsakar gida. Tana ɗaure da yarjejeniyar ACC har 2036, tana kallon maƙwabtanta na SEC suna shirin fin ta da miliyoyi masu yawa kowace shekara, tana kuma cewa ita ke jawo kaso mafi tsoka na masu kallo amma ana ba ta daidai da kowa. A Disamba 2023, bayan ta ci wasa 13 ba faɗuwa kuma aka tsallake ta a zaɓen gasar ƙasa, ta maka gamayyarta a kotu. Clemson ta bi sahu a Maris 2024. Sulhun da aka yi a Maris 2025 ya ce kashi 40 na kuɗin talabijin za a raba daidai, kashi 60 kuma gwargwadon masu kallon kowace jami'a cikin shekara biyar.

A nan nake da ja. Ba na musun alƙaluman Florida State. Amma ba a kallon ƙungiya ita kaɗai a fili, ana kallon karawa ne, kuma zakara yana bukatar wanda zai kayar kafin a kira shi zakara. Masu kallon da ake rubutawa a sunan babbar jami'a sun taru ne a kan wasannin da ƙanana suka buga rabinsu, cikin gabar da aka yi shekara ɗari ana ginawa. Texas da Texas A&M sun daina haɗuwa bayan 2011 saboda sauya gamayya, sai 2024 suka sake karawa. Babu layin da aka rubuta asarar waɗannan shekaru goma sha biyu a littafin kowa. Duk ma'aunin da na bi a tarihin nan, na ƙofar fili, na jiha, na gidajen kebul, na masu kallo, ya faɗi abin da mai saye zai biya a ranar ne, kuma kowanne ya tsufa kafin yarjejeniyar da aka gina a kansa ta ƙare.

Su kuwa yaran da ke buga wasan, sun daɗe ba sa cikin lissafin ko ta wane gefe. Daga Los Angeles zuwa Rutgers kusan kilomita 3,900 ne, kwatankwacin Yamai zuwa Paris. 'Yan zari-ruga suna yin irin wannan tafiya sau kaɗan a shekara cikin jirgin shata, amma 'yar wasan ƙwallon raga da ke da jarrabawa ranar Litinin ita ma an ɗora mata taswirar da ba a zana dominta ba. Sai a Yuli 2021 aka bar 'yan wasa su karɓi kuɗin talla da sunansu, sannan a Yuni 2025 alƙaliya Claudia Wilken ta amince da sulhun da ya sa a biya tsofaffin 'yan wasa kimanin dala biliyan 2.8, ya kuma ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta har wajen miliyan 20.5 a shekarar farko. Abin da aka rufe SMU a kansa a 1987 ya zama layi a cikin kasafin kuɗi. Wannan sabon nauyi zai ƙara wa kowace jami'a yunwar rabon talabijin, kuma wadda ta shiga da rabin rabo za ta ji shi fiye da kowa.

Jami'o'i biyu ne ba wanda ya taya a rabon 2023, Oregon State da Washington State, duka a ƙananan garuruwa masu nisa da manyan kasuwanni. Sun je kotu, suka samu ikon riƙe sunan Pac-12 da abin da ya rage a asusunta. A Satumba 2024 suka fara sake gini, suka leƙa gamayyar Mountain West da ke ƙasa da su, suka zaɓi Boise State, Colorado State, Fresno State, San Diego State, sannan Utah State, daga baya suka ƙara Gonzaga da Texas State, aka tsara fara wasa a 2026. Wyoming, wadda ta shekara fiye da ɗari tana karawa da Colorado State, jiharta ba ta kai mutum 600,000 ba. Ba a aika mata da gayyata ba.